Hannun Tsoho Cikin Rudu

Na Allah ne mu, kuma can gare Shi za a koma. Kakana, mahaifin babana, wanda kowa a gidanmu ke ce ma Tsoho, ya cika ran Talata bayan Azahar, nan Aliero, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Ni ba ɗan boko ba ne, aji biyu na sakandare na aje biro. Amma tun ran sadakar uku kaina bai zauna ba, kuma ina tsoron in shekara ta zagayo a ce, “Ai wani tsoho ne mai albasa,” shi ke nan. To bari in faɗi abin da na sani, ko da ban gane shi duka ba.

Abin da ya fara ɗaure min kai, masu zuwa gaisuwa. Kowa da Tsohon da ya sani, kamar ba mutum ɗaya anka binne ba.

Wani mahauci daga Jega ya shafa fatiha ya ce, “Allah shi jiƙan Malam. Ni dai ban taɓa ganin mai rowar taku irin shi ba. In ya zo sayen nama, inda ya tsaya nan ya tsaya, sai dai a miƙo mashi ta saman kawunan mutane.” Anka yi dariya ƙasa-ƙasa. Direban babbar motar da ke kai albasa kudu ya ce shi kam kayan Tsoho ne kaɗai ba su taɓa yi mashi ruwa cikin mota ba. Wata tsohuwa daga Dangamaji ta shige cikin gida tana kuka, wai shi ya ba ta iri shekarar da ruwa ya cinye mata gona. Mu ko labarin ba mu taɓa ji ba.

Sai abokinshi Bafulatani daga Andarai, wanda shanunshi ke sauka gonar Tsoho kowace kaka don taki. Ya zauna bakin tabarma tun hantsi. Da ya buɗe baki kuma, bai ce ya haƙuri ba. Cewa ya yi, “An ko leƙa rudu?”

Mutane sunka kalli juna. Mutum ya mutu, kai kana tambayar albasa?

Ana cikin haka ɗan Gwaggo, taubashina, wanda ke shekarar ƙarshe a jami'a shina karatun kwamfuta, ya ce, “Ni wallahi a wurina Tsoho injiniya ne. Aikin da nake rubutawa na gama makaranta, a wurinshi na fara gane shi da kyau.”

Baffa, yayan babana, ya juyo ya harare shi. “Zaman makoki ne nan, ba dandali ba.”

Tsohon da ko lambar waya sai an danna mashi? Ni ma na zaci tsiya ce irin tamu ta taubasai. Sai na ga idon ɗan Gwaggon ya kawo ruwa.

Ga wanda ba ɗan nan ba: rudu shi ne inda muke aje albasa bayan an cire ta. Rumbun kara ne bisa itace, iska na ratsawa ta ƙasa, a rufe sama da ciyawa. Ana ajewa da bazara, lokacin da kasuwa ta cika ta batse, a jira sai ta yi daraja. Wahalar abin ita ce ruɓa. Ƙwara ɗaya in ta lalace a tsakiya, sai ta ja maƙwabtanta. Shi ya sa mutane kan kwashe rudu duka lokaci-lokaci, a baza ƙasa, a tsince, a mayar. Aikin yini guda ne da ƙatti biyar.

Tsoho bai yin haka. Rudunshi siriri ne, faɗin hannu biyu, kuma jikin karan duk ya bar 'yan tagogi, kowace iya shigar hannu. Da safe sai shi bi su ɗaya-ɗaya, shi zura hannu har kafaɗa, ido rufe, shina lalube. Can sai ka ga ya zaro ƙwara ɗaya ya jefa kwando. Sauran ko motsi ba su yi ba. A jikin ginshiƙin tsakiya kuma akwai tsage-tsage da ya yi da wuƙa. In ka tambaye shi buhu nawa ke ciki, sai shi dubi inda tulin ya kai, shi rufe ido, shi faɗa maka. Maganarshi ta kullum ita ce, “Ba ajiya ka kashe albasa ba, ɗauki-sauke na.”

Ya bar rudu huɗu cike. Ran sadakar uku bayan La'asar Baffa ya ce in an yi bakwai za a kwashe su duka, a zuba buhu, a san yawansu, don rabon gado. Baffa ba mugu ba ne. Hatsi shike sayarwa a Jega, kuma abin da bai auna da mudu ba bai yarda akwai shi ba. Amma kowa ya san in anka kwashe yanzu, cikin wannan zafi, ba ta komawa. Dole a kai kasuwa lokacin da albasa ba ta da daraja, wadda ta bugu kuma ta ruɓe. Kaka, matar Tsoho, rabonta da ke ciki shi ne cinta da maganinta har wata shekara.

Sai Kaka ta aiko anka kira ni ɗakin da take takaba. Ta ce, “Angona, zauna.” Haka take ce min tun ina ƙarami, Tsoho kuma shi ce zai sare min ƙafa in na ƙwace mashi mata. Ta ce, “Ran Lahadi ya ce in faɗa maka. Kada a fitar. A bar ma mai yawo.”

Na ce, “Wane mai yawo?”

“Gidan ga akwai biyu?”

Ni babana ya riga Tsoho rasuwa, don haka ko ɓawon albasa ba ni da shi a gado. Kuma ni ne mutum ɗaya tak da ya taɓa ruɓar mashi da rudu guda. To don mi sai ni?

Lokacin ina ɗan goma sha bakwai, ban daɗe da barin makaranta ba. Tsoho ya tafi Maiyama biki na kwana biyu. Ni kuma na gaji da a riƙa ce min marar amfani. Na ga maƙwabta na kwashe nasu, na ce bari in burge shi. Na tara abokaina uku, munka kwashe rudu ɗaya tas, munka baza cikin rana, munka tsince, har ƙirgawa na yi. Munka mayar muna jefawa kamar masu lodin bulo. Da ya dawo na tare shi da murna tun bakin hanya. Ya dubi rudun, ya dubi ɓawon da ya cika ƙasa. Ya shige ya yi alwala.

Sati biyu, rudun ya fara ɗiga. Wari har masallaci. Ya ba ni kwando ya ce in kwashe in kai rami, ni kaɗai. Ina cikin yi ya zo ya tsaya kaina. “Tunda kai mai ƙirga na, ƙirga wanga ma.”

Na yi jifa da kwandon. Na faɗa mashi abin da bai kamata jika shi faɗa ma kakanshi ba. Na ce ƙyuya ce ta hana shi kwashewa kamar kowa, shina fakewa da dabara. Ranar na bar gidan.

Na yi kabu-kabu a Jega har mai babur ya karɓe abinshi. Na yi dako a tasha. Na bi masunta Yauri, ni da ban iya iyo ba, wata uku na gudo. Daga ƙarshe na samu rumfar cajin waya a Sabon Garin Jega, da ɗan janareto mai tari kamar tsohon ɗan taba.

Wata biyar ba mu gaisa ba. Wata ranar kasuwa ina cikin jona wayoyi sai na ji an kama ƙeyata an ɗan matsa. Ban waiwaya ba na san hannun. Haka shike gaishe mu tun muna yara, shi damƙi bayan wuyanka shi ɗan riƙe. Ya miƙo 'yar wayarshi mai tocila.

“Sa min wuta.”

Na duba, batir cike. Na ce, “Tsoho, ai cike take.”

“Kai ka ƙera ta? Sa.”

Ya zauna bisa benci, ya ci gyaɗa, ya yi min faɗa kan sumar kaina, ya karɓi wayarshi ya tafi. Daga nan kusan kowace ranar kasuwa sai ya shigo mota ya zo, wayar kuma kullum cike. Na ɗauka tsufa ne. Har labari nake ba abokaina muna dariya. Maganar rudu ko sau ɗaya bai tayar ba.

Yanzu bari in koma kan maganar ɗan Gwaggo, don ni ina wurin anka yi ta, mantawa na yi. Babbar Sallar bara na zo gida cin nama. Muna zaune inuwar dogon yaro kusa da rudu, ɗan Gwaggo ya ɗora kwamfuta bisa cinya, tana huci. Tsoho ya miƙa hannu ya taɓa ƙasanta, ya janye da sauri.

“Wanga abu zazzaɓi shike?”

“Aiki take, Tsoho. Lissafi.”

“Lissahi ka sa zafi? Ni ina yi kullum, ban ƙone ba.”

Ɗan Gwaggo ya gyara zama, ya ga ya samu ɗalibi. Ya ce, “Cikinta kamar ɗaki biyu ne. Ɗaya ma'ajiya, nan lambobi ke zaune. Ɗaya kuma wurin lissafi. Duk abin da za a lissafa sai an ɗauko shi daga ma'ajiya an kai wancan ɗakin, a gama, a mayar. Sau babu iyaka kafin ka ƙifta ido. To kai-komon nan ya fi lissafin kanshi cin wuta da cin lokaci. Shi ke shanye batir, shi ke kawo rabin zafin nan.”

Na sa baki. “Shi ya sa wayar wasu ke zuwa min kamar daga murhu anka ciro ta?”

“Har da shi, jahili.”

“Na gode, farfesan da bai iya ɗaure akuya ba.”

Tsoho ya ɗaga mana hannu. “Ku tsaya. Kana nufin su masu ilimin, kaya na ɗaka, sai su kwaso waje su ƙirga su maida? Kullum?”

“Haka anka ƙera ta tun asali.”

“To wa ya hana su shiga ɗakin su yi a can?”

Ɗan Gwaggo ya sauke kwamfutar ƙasa ya dubi Tsoho baki buɗe. “Tsoho, wallahi abin da masana ke fama da shi ke nan yanzu. Ana ƙera ma'ajiya wadda za ta yi lissafin cikin kanta. A tura wuta ta ratsa layukan da lambobin ke kwance, abin da ya taru a bakin layi shi ne amsa. Ba a ɗauko komai ba, ba a mayar da komai ba. Sai dai wata irin, amsarta ba ta fita cif-cif, kusa take zuwa. Shi ya sa ba kowane aiki ake ba ta ba.”

Tsoho ya ce, “Kusa ta isa, in kaya sun tsira.” Sai ya nuna ni da haɓa. “Ashe kwamfuta ɗiyar gidan ga ta. Ga ɗan'uwanta nan zaune. Ba aiki ka cinye mashi ƙarfi ba, kai-komo na.”

Kowa ya yi dariya, har Kaka daga madafa. Ni ban yi ba.

Ranar ya ja ɗan Gwaggo ya nuna mashi tagogin da tsage-tsagen, wancan shina ta ɗaukar hoto kamar ya ga aljani. Washegari kuma Tsoho ya ce kafaɗarshi na ciwo, in zo in zura mashi hannu. Na zura.

“Mi ka ji?”

“Albasa.”

“Jaki ma zai ji albasa. Ruhe ido.”

Na rufe. Ya ce in bi wuyan kowace, ba cikinta ba. Mai lafiya wuyanta bushe shike, da sanyi. Wadda ta fara lalacewa kuma, kafin ta yi wari, kafin ta yi laushi, ɗumi take fara yi. Na daɗe ina lalube ina zaginshi a zuci. Can sai yatsana ya sauka kan wata, ɗumi kamar goshin jariri. Na zaro ta. Daga waje lafiya lau. Ya yanka ta da wuƙa, ga cikin ya fara baƙi. Bai yaba min ba. Cewa ya yi, “Saura taga goma sha ɗaya.”

Ya koya min karatun tsagar ma, da yadda ake rage abin da shike kira rabon iska, wato abin da bushewa ke ci. Sati uku na yi ina bin shi. Sai ƙafata ta fara ƙaiƙayi, na koma Jega. Gaskiya ke nan, ba zan gyara ta don ya mutu ba.

To, washegarin sadakar bakwai da hantsi Baffa ya zo da buhuna da ƙatti huɗu. Malamin unguwa na nan, Bafulatanin Andarai ma bai koma ba. Ni ban shirya komai ba. Kawai na tsinci kaina tsaye gaban rudu.

Baffa ya ce, “Kauce.”

Na ce, “Baffa, Tsoho ya ce kada a fitar.”

“Tsoho ya tafi, haƙƙin magada ya rage. Kai kana ciki?”

Ta shige ni, amma gaskiya ce. Malam ya gyara murya ya ce in magada sun yarda ana iya jinkirta rabo har lokacin sayarwa, muddin an san yawan kaya, kuma akwai mai kula. Baffa ya ce, “Madalla. Wa ya san yawan? Wanda ya sani mun binne shi.”

Na ji bakina ya ce, “Ni.”

Ƙattin sunka yi dariya. Ɗayansu shina cikin waɗanda munka ruɓar da wancan rudun tare. Baffa ya nuna ƙaramin rudun da ke gefe. “Faɗi na wannan. Mu kwashe shi mu gani. In ka yi ƙarya, ka bar min hanya.”

Na fara zura hannu tukuna, don kwana goma sha ɗaya ke nan ba a taɓa su ba. Taga ta uku na ji ɗumi, na zaro. Ta biyar na zaro biyu. Bafulatanin ya karɓi ɗaya ya fasa da babban yatsa, ya nuna ma Malam baƙin. Na je jikin ginshiƙi na dubi tsagar. Kaina ya ɗauke. Na manta ko daga sama ake farawa ko daga ƙasa. Na rufe ido kamar yadda shike yi, ba don dabara ba, don kada in ga fuskar Baffa. Na rage rabon iska. Na ce, “Tara da rabi.”

Anka kwashe. Har rana ta take ana yi. Buhu tara sunka cika, na goma ko kwata bai kai ba.

Baffa ya ce, “Ka gani? Ka yi ƙari.”

Na sunkuyar da kai, na ce shi ke nan, na kunyata Tsoho karo na biyu. Sai Bafulatanin ya tashi da sandarshi, ya zagaya inda anka yi aikin, shina ture waɗanda sunka fashe da waɗanda ɓawonsu ya saluɓe. Ya tara su tuli guda, ya fi kwando. Ya dubi Baffa.

“Ɗan abokina, yaro ya ɓace da kwatan buhu, da baki. Kai nawa ka kashe da hannu kafin ka kama shi?”

Ɗan Gwaggo ya matso kunnena shina raɗa, “Ka ga abin da nake faɗa? Wannan shi ne babi na uku na aikina!” Na ce mashi in bai rufe min baki ba zan cusa shi cikin taga.

Baffa ya daɗe shina kallon tulin. Sannan ya ce ma ƙattin su ɗaure taran a kai kasuwa, sauran rudu ukun a bar su. Ya juyo wurina. “In ƙwara ɗaya ta ɗiga, ko ka taka Jega kafin a sayar, ni da kai ne.”

Na shiga wurin Kaka in faɗa mata, na tarar labari ya riga ni. Na zauna bakin ƙofa. Maimakon murna sai wani abu ya taso min, wanda tun maganar mahaucin nan ke cina. Na ce, “Kaka, ni fa ban gane ba. Mutumin da ke rowar taku, wanda ya ce kai-komo ke cinye ƙarfi, shi ne kuma zai shiga mota har Jega kowace kasuwa da waya cike da caji? Na tambayi ɗan Gwaggo, ya ce wannan babu shi a karatunsu.”

Ta yi 'yar dariya, ta farko tun Talatar da Tsoho ya cika. “Wurin maƙwabci shike cika ta kafin shi tafi, kada ta shanye maka man janareto.”

“To zuwan na mi ne?”

Ta kai hannu ta taɓa ƙeyarta. “In ya iso, ina shike fara kama ka?”

Ta ci gaba.

“In ya dawo, tun bai cire takalmi ba sai in ce, ya angona? Shi ce, ‘Da sauranshi. Bai yi ɗumi ba.’ Rudu ya yi ma tagogi, hannunshi na kaiwa. Kai ko ka fita. Dole shi bi ka da ƙafa.”

Yau sati bakwai ke nan ban bar Aliero ba, abin da ban taɓa yi ba tun da na aje biro. Wani ya kira ni ya ce akwai babur na haya a Jega, na ce sai an sayar da albasa. Ɗan Gwaggo ya turo min aikin nashi a waya, na karanta shafi ɗaya kaina ya yi zafi kamar kwamfutarshi, har yanzu ban san yadda wuta ke ratsa lamba ta fito da amsa ba. Ban kuma san ko ƙafata za ta sake ƙaiƙayi in an kwashe rudu ba. Jiya da safe dai na zaro guda biyu masu ɗumi. Kafin in jefa su kwando, sai na tsinci ɗaya hannun nawa a ƙeyata, ina ɗan matsawa.

Allah Ka yafe ma Tsoho, Ka yafe min abin da na faɗa mashi bakin rami. Ka sa makwancinshi ya fi inuwar rudunshi sanyi.